Laifi Tudu Ne: Wa Zai Biya In Mota Ta Goge Mota A Tasha?

Garin Gagarawa Tasha ya samo sunansa ne daga jirgin ƙasa, domin yana kan layin dogon da ya taso daga Kano ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930. A yau kuwa mota ce ta karɓe yawancin sufurin ƙasar Gumel. Duk wanda ya san yankin nan ya san yadda ranar Alhamis take, ranar cin kasuwar Maigatari: manyan motocin shanu, da akori-kura masu ɗaukar riɗi da gero, da ƙananan bas-bas, da 'yan acaɓa, kowa na neman inda zai raɓe ya yi lodi ko ya sauke. Haka abin yake a tashoshin Gumel da Sule Tankarkar da sauran kasuwannin mako. Inda motoci suka taru a ƙuntataccen fili babu layi babu alama, ba makawa wata ta gogi wata.

Irin wannan karo ba ya shiga labaran rediyo, domin galibi ba a rasa rai. Fitila ce ta fashe, ko ƙofa ta lotse, ko gilashin baya ya tarwatse. Amma ga mutumin da motar nan ita ce gonarsa, ita ce kuɗin makarantar 'ya'yansa, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Kwana uku a wurin mai gyara kwana uku ne babu cefane. Saboda haka muka ga ya dace mu tattauna da 'yan'uwa masu karatu a kan tambayar da kan tashi nan take: wa ke da laifi, wa kuma zai biya?

Abin da muke gani a tashoshinmu shi ne, sau da yawa ba a bin diddigin yadda abin ya auku. Wanda ya fi ɗaga murya shi kan yi rinjaye. In ba haka ba, a dubi girman mota, a ce ai mai babbar mota shi ne mai kuɗi, ya biya. Wani lokaci kuma a dubi wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Kafin minti goma jama'a sun kewaye wurin, mutum ashirin suna ba da shaida, alhali watakila biyu ne kawai suka ga abin da idonsu. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ƙarshe sai a ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, sulhun da aka gina a kan hayaniya ba ya da albarka, kuma takardar inshorar da muke ajiyewa a aljihun mota an yi ta ne domin irin wannan rana. Matuƙar muna ɗaukarta a kan takardar wuce shingen 'yan sanda kawai, to, talaka ne zai ci gaba da biyan ɓarnar da bai yi ba.

Mu fara da batun laifi, domin ba abu ne mai wuyar ganewa ba in an natsu. Motar da ke tsaye a wurin da ya dace, wani ya zo ya buge ta, mai tafiya ne da laifi, ko da kuwa tasa ce ta fi lalacewa. Wanda yake ja da baya nauyin lura yana wuyansa, domin shi ne ya zaɓi ya tafi inda idonsa ba ya gani sosai. Ko da yaron mota ne ke tsaye yana cewa “taho, taho,” sitiyari da birki suna hannun direba, ba ya iya tura laifin ga yaro. Wanda ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiwaya ba har mai wucewa ya kwashe ta, shi ya jawo. Wanda ya bar mota a gangare babu birkin hannu, babu dutse a ƙarƙashin taya, ta gangara ta bugi ta wani, ba zai ce ai ba ya ciki ba.

Akwai kuma inda laifi ke rabuwa. Motoci biyu suna ja da baya lokaci guda suka haɗu, kowa yana da kasonsa. Mutum ya ajiye mota ya toshe ƙofar fita, wani ya matsa zai wuce ya goge ta, shi mai gogewar yana da laifi, amma mai toshewar ma ba a wanke shi ba. Kotuna a ƙasar nan suna da ikon raba laifi kashi-kashi, su rage wa mutum diyya gwargwadon sakacin da shi kansa ya yi. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga masu karanta Littafi Mai Tsarki. A ƙarshen sura ta 21 ta Littafin Fitowa an tsara yadda za a yi in san wani ya kashe na maƙwabcinsa: a raba asarar tsakaninsu, sai fa in an san san nan da halin tunkuyi tun da can, mai shi kuwa bai tsare shi ba, to, a nan shi kaɗai zai biya. Motar da mai ita ya san birkinta ba ya kamawa, ya kuma shigo da ita cikin cunkoso, ita ce san nan mai tunkuyi a zamaninmu.

Wani abin da masu motoci da yawa ba su sani ba shi ne, in direban da ka ɗauka ya yi ɓarna yana cikin aikin da ka sa shi, doka tana iya kama ka kai mai motar. Cewa “ai ba ni ke tuƙi ba” ba ta fid da kai. Wannan ya shafi ɗan kasuwa mai motar haya, ya kuma shafi ikilisiyar da ke da bas na kai zumuntar mata taro ko kai matasa sansani.

To, in an gane mai laifi, daga ina kuɗin gyara za su fito? A nan ne inshora ta shigo. Tun zamanin Turawa, a 1945, aka kafa dokar da ta tilasta wa kowane mai mota a Nijeriya ya yi inshorar da ake kira ta mutum na uku. Mutum na farko kai ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne duk wanda motarka ta cuta, watau maƙwabcinka. Da farko dokar ta tsaya ne a kan rasa rai da jin rauni. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara da ɓarnar dukiya, har zuwa Naira miliyan 1. Sa'an nan hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fid da sabon farashi da ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2023. Motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta ƙaru zuwa Naira miliyan 3. An sa wa manyan motocin dakon kaya Naira 100,000 da diyya har miliyan 5, mai ƙafa uku Naira 5,000 da diyya har miliyan 2, babur kuwa Naira 3,000 da diyya har miliyan 1. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta shiga tilasta wannan inshora a duk faɗin ƙasa, a cikin Agustan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

A dubi lissafin da kyau. Naira 15,000 a shekara bai kai Naira 300 a mako ba. Da wannan ne kamfani ya ɗauki alkawarin biyan ɓarnar da za ka yi wa wani har ta miliyan 3. Amma sai ka ga mutum yana riƙe da takardar a aljihun mota, ya fasa wa wani gilashi, yana ta rantse-rantse ba shi ba ne, domin yana tsoron kuɗin za su fito daga aljihunsa. Da ya san abin da ke hannunsa, da bai sayar da mutuncinsa a kan kuɗin gilashi ba.

Sai dai fa a yi hattara, akwai ramuka guda huɗu da mutane kan faɗa.

Na farko, takardar jabu. Mutane da yawa kan miƙa kuɗi ga wani ɗan tsakani ya haɗo musu takardun mota gaba ɗaya, ba su taɓa tambayar sunan kamfanin ba. Ranar da abu ya faru sai a tarar babu kamfanin da ya san da zaman motar. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiyar bayanai na motocin da aka yi wa inshora ta gaskiya, ana kuma iya dubawa da wayar hannu ta hanyar danna *565*11# a sa lambar mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. A duba tun yau, in sunan motarka bai fito ba, ka koma wa wanda ya sayar maka.

Na biyu, inshorar mutum na uku ba ta gyara motarka. In kai ne mai laifi, kamfaninka zai gyara ta maƙwabcinka, taka kuwa kai za ka gyara. Mai son a gyara tasa ma sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada su gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Rashin sanin wannan bambanci ya sa wasu ke cewa kamfani ya cuce su, alhali abin da suka nema ba ya cikin abin da suka saya.

Na uku, sharuɗɗan da ke jikin takardar. Motar da aka yi wa inshora a kan ta gida ce, aka mai da ita ta haya ranar kasuwa, kamfani yana iya ƙin biya. Haka nan in wanda ke tuƙi ba shi da lasisi. Wannan ya shafi tasha ƙwarai, domin kowa ya san al'adar nan ta direba ya tafi cin abinci ya bar wa yaronsa makulli ya matsa da mota in layi ya motsa. Yawancin yaran nan a haka suke koyon tuƙi, amma ranar da yaro ya taka totur maimakon birki, mai mota ne zai ɗauki asarar shi kaɗai.

Na huɗu, wurin da abin ya faru. Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A Ingila, a 1998, kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa filin ajiye motoci ba hanya ba ne a ma'anar dokar inshorar dole, sai da aka gyara dokar a shekara ta 2000 aka ƙara da sauran wuraren da jama'a ke shiga. In har ƙasar da muka gaji tsarin inshorarmu daga gare ta ta yi gardama a kan wannan, ya kamata mai saye a nan ya tambayi kamfaninsa tun da wuri, a nuna masa a rubuce cewa karo a cikin tasha, ko a harabar kasuwa, ko a filin majami'a, yana cikin abin da za a biya. Direbobin da ke tsallaka iyakar Maigatari su ma su yi irin wannan tambaya game da Katin Ruwan Ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa a 1982 domin haɗarin da ya auku a wata ƙasar, tun da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Yanzu ga wata matsala da ke damun mutumin kirki. Takardun inshora kan gargaɗi mai mota kada ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba tare da yardar kamfani ba. Wasu sun ɗauki wannan a kan lasisin yin ƙarya. Mu ba mu fahimce shi haka ba. Faɗin abin da ya faru daban, yanke hukuncin wanda zai biya daban. Kana iya cewa a gaban kowa, “Ni ne nake ja da baya, motarsa kuwa tana tsaye,” wannan shaida ce, kuma wajibi ce a kanka. Abin da kamfani ya hana shi ne ka ce, “Zan ba ka dubu ɗari biyu gobe,” sa'an nan ka kai masa takardar bashi. Kamfanin da ya ga bayanin gaskiya a rubuce, da hotuna, da sunayen shaidu, ya fi saurin biya a kan wanda aka kai masa labari iri uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a ofishin inshora.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara a yi in tsautsayi ya gitta. A fara duba ko wani ya ji ciwo, domin rai ya fi ƙarfe. Kada a motsa motocin sai an ɗauki hotonsu da waya yadda suka tsaya, da lambobinsu, da sawun taya a ƙasa, domin gani ya kori ji. A nemi mutum biyu da suka gani da idonsu, a rubuta sunayensu. Kowane ɓangare ya ga lasisi da takardar inshorar ɗan'uwansa. In ɓarnar tana da yawa, ko an ji rauni, ko an kasa daidaitawa, a kai rahoto ofishin 'yan sanda, domin kamfani yakan nemi rahotonsu. A sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba, kada kuma a fara gyara sai an sami ƙiyasin mai gyara a rubuce, kamfani ya gani.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce kamfanonin nan suna can birni, mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar zai kashe kuɗin mota da kwanaki yana kai da kawowa a kan fitilar da ba ta kai kuɗin tafiyar ba. Za su ce shugabannin tasha da dattawan gari sukan kashe magana kafin la'asar, kowa ya kama gabansa. Ba mu musa ba. In ɓarnar 'yar kaɗan ce, sulhu a gaban shugaban tasha ya fi sauƙi, ya kuma fi kiyaye zumunci, gama mutanen nan gobe ma a layi ɗaya za su yi lodi. Abin da muke roƙo shi ne sulhun ya tsaya a kan abin da ya faru, kada ya tsaya a kan wanda ya fi baki ko ya fi dangi a wurin. A kuma rubuta shi: nawa za a biya, yaushe, a gaban wa, kowa ya sa hannu. Alkawarin baka da aka yi cikin zafin rana yakan narke kafin kasuwa ta zagayo.

Game da kamfanonin da ke jan ƙafa kuwa, maganin abin shi ne a matsa musu. Hukumar NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a. Duk lokacin da mai haƙƙi ya yi shiru ya haƙura, kuɗin da dubban masu motoci suka zuba sun zama riba tsantsa ga kamfani. Ya kamata kuma su kamfanonin su gane cewa mutanen da ke biyansu ba a birane kaɗai suke ba. Yankin da ke da kasuwar dabbobi irin ta Maigatari ya cancanci wakilan da za a iya samu a kusa, da takardun neman diyya cikin Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi da ke da shakku a kan inshorar da aka saba su ma suna da mafita, domin tun 2013 hukumar ta fid da ƙa'idojin takaful, akwai kuma kamfanonin da ke yin ta. Babu wanda ya rage da hujjar yawo da takardar jabu.

Sauran maganar haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, yafiya kuma ta fi shi. Amma yafiya kyauta ce da wanda aka cuta yake bayarwa don ransa, bayan an amsa cewa an cuce shi. In jama'a suka taru a kan ɗan acaɓa da aka murƙushe wa babur, suna ce masa ya bar wa Allah domin mai motar babban mutum ne, wannan danniya ce aka sa mata rigar addini. Wanda ya yi ɓarna ba shi ne zai yi wa'azin haƙuri ba. Nasa shi ne ya ce, “Ni na yi, ga takardata, bari mu ga yadda za a gyara.” In ɗan'uwansa ya ga dama ya yafe bayan haka, to, madalla, ladan nasa ne.

Muna kira ga dattawan ikilisiyoyi su fara daga gida. A fito da takardun bas na ikilisiya a zaman majalisa mai zuwa, a duba inshorar ta gaskiya ce ko kuwa, ranar ƙarewarta yaushe, direban yana da lasisi ko babu. A sa matasa biyu su riƙa tsara ajiye motoci da babura a harabar majami'a ran Lahadi da ranakun biki, a bar hanyar fita a buɗe. Masu bi da ke tuƙi a tashoshin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa, su sani ana kallonsu. In aka kira ka shaida, faɗi abin da idonka ya gani, ko da mai laifin ɗan ikilisiyarku ne, wanda aka cuta kuma baƙo ne da ba za ka sāke ganinsa ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi su ma muna roƙonsu su ajiye littafi guda a ofishin tasha, wanda za a riƙa rubuta kowane karo da yadda aka warware shi, domin in irinsa ya sāke aukuwa a yi wa na gobe hukuncin da aka yi wa na jiya.

Fitilar mota ana sayo wata a Kano, ƙofar da ta lotse mai gyara zai buga ta ta miƙe. Amanar da ke tsakanin mutanen da ke cin abinci a tasha ɗaya ita ce ba ta da shago. Mu kiyaye ta da faɗin gaskiya, mu kuma tanadi abin biyan haƙƙin maƙwabci tun kafin ranar ta zo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.